Alkawarin Damina Biyar

Kun sha jin ana cewa babanku ya sayar da shanuna ya sayi iska. Ni ma na sha ji, a gidan suna da gidan biki, wani lokaci daga bakin waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba sa'ad da abin ya faru. Yana raye bai taɓa tanka wa kowa ba, ni ma na bi shi na yi shiru. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, ni kuma gwiwa ta fara ƙin tashi, na ga gara in faɗa muku yadda aka yi tun da sauran wanda ya gani da idonsa. Ba shi ya sayar ba. Ni na sayar, kuma ban sayar ba sai da aka yi alkawari a gaban mutane.

Shekarar bayan babban fari ce, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Muna zaune a garin babanku, tsakanin Magarya da Yekuwa, babbanku yana tafiya, mai bi masa yana goye. Babanku ya koyi aikin mota a wani gareji a Kano, ya dawo gida da akwatin kayan aiki yana sa ran zai riƙa gyara manyan motocin da ke kwasar gyaɗa. Sai gyaɗa ta mutu, motoci suka daina zuwa. Ya koma gyaran rediyo da keke da fitila a zaure, abin da yake samu bai wuce na cefane ba, wata rana ma babu. Mutum ne da ba ya kuka da baki. In abu ya dame shi sai ka ga ya ɗauko wani tsohon ƙarfe yana ta gogewa.

A lokacin gari ya gina ƴar likita da hannunsa, ɗaki biyu, ɗaya na magani ɗaya na haihuwa. Gwamnati ta turo mana majo, wato mai duba marasa lafiya, wani saurayi mai haƙuri daga wajen Damagaram. Matsalarsa haske. Haihuwa da saran maciji ba su san rana ta faɗi ba, shi kuwa ba shi da komai sai fitilar ƙwai guda, kananzir kuma a shekarar ya yi wuya, sai an aika har Magarya, a dawo da rabin kwalba. Wata rana ya kawo rediyonsa gyara, hira ta kai su ga wannan. Babanku ya ce a wata gona kusa da Kano ya taɓa ganin fanka a kan dogon ƙarfe, iska tana juya ta, tana ɗago ruwa daga rijiya. In iska za ta iya ɗago ruwa, in ji shi, za ta iya juya dinamon mota, shi ne abin da ke cika batir in mota tana tafiya. Batir in ya cika kuwa, zai kunna ƙwan lantarki a ɗakin haihuwa har gari ya waye. Majo ya ce in dai za a iya, shi yana so.

Daga ranar babanku bai ƙara zama lafiya ba. Ya zana abin a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake zanawa. Fikafikan zai iya yankowa daga tsohon tano, wato duron ƙarfe, amma dinamo da batura da bututun ƙarfe da waya da siminti duk sai an saya, gidanmu kuwa ba abin da za a sayar sai shanuna. Bai taɓa buɗe baki ya ambace su ba, ina so ku riƙe wannan. Ni ce na gaji da ganin tuwo yana dawowa kamar yadda na kai, na same shi a zaure bayan azahar na zauna a bakin ƙofa.

"Malam, in an yi wannan abu, wa zai saya?"

"Likita za ta saya. Majo ya ce yana so."

"Majo baƙo ne. Gobe a ɗauke shi a kai wani gari, wanda ya zo ya ce shi fitila ya saba da ita. Sai mu yi yaya da ƙarfe a tsakar gida?"

Na ce masa lokacin da gyaɗa ke gyaɗa, tun ba a cire ta ba ake faɗar kuɗinta a rediyo, shi ya sa kowa yake sakin jiki ya shuka, don ya san abin da zai samu. In gari yana son wuta, gari ya faɗi kuɗinta tun yanzu, ya faɗi kuma shekara nawa zai saya. In aka yi haka, ga shanu.

"Dije, kunya nake ji in je in ce wa dattawa su yi mini alkawari, kamar ban yarda da su ba."

"Ai ba kai za su yi wa ba. Shanun za su yi wa."

Ya ɗauki kwanaki yana juya maganar, daga baya ya tafi shi da majo wurin maigari. An yi zama fiye da ɗaya kafin a daidaita. Abin da aka tsayar shi ne, duk batir ɗin da ya cika ya kai likita, za a ba shi dala ashirin ta kuɗin sefa, ba ragi ba ƙari, har damina biyar, ko kananzir ya yi araha ko ya yi tsada, ko majo ya tashi ko ya zauna. Kuɗin zai fito daga asusun gari, kowane gida zai ba da tiya biyu ta hatsi da kaka. Shi kuma ba zai cika wa kowa batir ba sai likita ta samu nata, in iska ta kwanta kuma bai kai komai ba, ba a ba shi komai. Liman ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha.

Saura abu mai wuya. Shanuna suna hannun yayana Buba, a rugarmu ta gabas da Yekuwa. Ku kun san shi da tsufa, yana zaune a kan buzu yana jan carbi, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Mu mutanen shanu ne da ke noma, a wurinmu saniya ba dukiya ce kawai ba, dangi ce. Nawa zuriyar wata jar saniya ce da kakarmu ta ba innarmu, innarmu ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Da fari ya zo, Yaya Buba ya kora garken gidanmu ya yi kudu, ya tsallaka iyaka, ya yi watanni ba mu da labarinsa. Ya dawo ƙafafunsa sun tsage, nasa shanun yawanci sun zube a hanya, amma ya dawo mini da huɗu. An ce akwai ranar da ya sayar da rigarsa ya saya musu dusa. Wannan mutumin na hau amalanke na je in gaya wa zan sayar da su.

Na same shi a bakin rijiya yana shayarwa. Na durƙusa na gaishe shi, na bari ya gama, sannan na faɗa masa. Bai dube ni ba, yana ta naɗe igiyar guga a hannunsa.

"Mijinki ne ya aiko ki?"

"A'a, Yaya. Ni na kawo kaina."

"Yunwa kuke ji? In yunwa ce, ga dami a rumbu, ɗauki."

"Ba yunwa ba ce. Sana'a za mu kafa. Gari ya yi alkawari zai saya har damina biyar, an shafa Fatiha."

"Saniya tana haihuwa. Ƙarfe yana haihuwa?"

Na ce masa dai shanu huɗu a hannun wani ba su ciyar da gida, kuma fari ya nuna mana cewa su ma suna ƙarewa. Ya ce naki ne, ba mai hana ki. Amma bai yarda dillali ya taɓa su ba, shi da kansa ya kora su har kasuwar Maigatari, ya tsaya a kan ciniki har ya samu abin da ya kamata. Ya zo ƙofar gidanmu ya aika aka kira ni, ya miƙa mini kuɗin a ɗaure cikin tsumma. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce rana ta yi, ya juya. Daga wannan ranar ya daina shiga gidana. In mun haɗu a sha'anin dangi zai amsa gaisuwata, ya tambayi yara, shi ke nan.

Babanku ya tafi Kano ya dawo da kaya. Shi da maƙerin gari suka yi ta fama a bayan gidanmu, inda tudu yake, har suka tsayar da ƙarfen, tsawonsa ya ɗara giginyar da ke kusa. Fikafikan farko sun yi nauyi, iska ta zo ta wuce su ko motsi ba su yi ba, mutane suka yi ta dariya. Na biyu sun yi sauƙi, hadarin farko ya ɓalle ɗaya ya jefa a gonar maƙwabci. Na uku ne suka zauna. Ranar da batir na farko ya cika, da hantsi aka ɗora shi a amalanke aka kai likita, majo ya rufe tagogi ya haɗa waya, ƙwai ya kama. Tsofaffin mata suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna dubawa suna fitowa. Wata ta kai hannu kusa da shi ta ce ba ya hayaƙi. Da la'asar mai riƙe asusu ya zo zaure ya ba babanku dala ashirin, ya shigo ya ajiye mini a kan faifai.

Haka muka shiga. Watannin da iska ke kaɗawa muna samu, har na fara ajiye wani abu. Bayan ɗaukewar ruwa kuwa, sa'ad da ganye ko motsi ba ya yi, fanka sai ta tsaya cik kamar an ɗaure ta, mu ma mu tsaya. Tunda ba ni da nonon sayarwa, na koma tuyar ƙosai da safe. Majon farko ya tashi kamar yadda na faɗa, wani ya zo, bai canza komai ba, don ya tarar da magana a tsaye.

Ba mu cika shekara ba sai ga Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa daga Mallawa da ya buɗe kanti a garinmu, ya sauke gurub daga Najeriya, injin nan mai ba da wuta da ake zuba wa mai. Lokacin mai a can ya yi araha ƙwarai, a garwa ake shigo da shi. Ya kawo ne don kantinsa, amma ba a jima ba ya fara cika wa mutane batir a dala goma, rabin namu, kuma shi ba ruwansa da iska, ko yaushe ka kai za a cika maka. Kada ku ɗauke shi mugu. Mutumin kirki ne, ya ga hanya ya bi, kowa ma haka zai yi.

Da kaka ta zo aka fara zagayen karɓar hatsin asusu, sai magana ta tashi. Daminar ba ta yi kyau sosai ba, mutane kuma ba su gama farfaɗowa daga fari ba, tiya biyu ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke auna tuwo. Suka ce don me za a biya ashirin alhali ga goma. Gaskiya suke da ita, in ka duba ta wannan fuska. Na fara ganin ƙosaina yana kwantai. A bakin rijiya mata su yi shiru in na iso. Wata da muke ɗasawa da ita ta ce mini, ba da faɗa ba, cikin sanyin murya:

"Dije, ku ji tsoron Allah. Hatsin marayu ma yana cikin asusun nan."

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Da aka ce maigari ya sa ranar zama, babanku ya ce mini shi ya yanke shawara.

"In suka ce a warware, zan ce na yafe. Ba zan ci hatsin mutane suna zagina ba."

"In ka yafe, da me za mu sayi batir in waɗannan sun mutu? Ko kuɗin saniya ɗaya ba mu mayar ba."

"Allah zai kawo wata hanya."

"Allah ya riga ya kawo, ita ce wannan. Malam, ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yafe."

Ba mu taɓa yin magana mai zafi irin ta ranar ba. Ya fita ya hau tudu ya zauna a gindin ƙarfensa har magariba.

Aka yi zaman bayan la'asar a ƙofar maigari. Tunda shanuna ne suka tafi, maigari ya ce in zo, na zauna da tsofaffin mata a bayan zana, muna jin komai. Mutane suka yi ta magana, yawanci a kan a warware, ko a rage kuɗin ya dawo goma. Alhaji Mamman ya ce shi bai zo neman komai ba, amma in gari ya ba shi aikin zai yi. Aka juyo ga babanku. Na ji ya yi gyaran murya, na san abin da zai faɗa, na sunkuyar da kai. Sai na ji wata murya daga can baya ta yi sallama. Yaya Buba ne. Ashe ya ji labari a kasuwar Yekuwa, ya taho da ƙafa, sandarsa a kafaɗa. Ya nemi izini a matsayinsa na baƙo, maigari ya ba shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yarda da wannan abin ba tun farko, har yanzu kuma ban yarda ba. Ban san wuta ba, ban san ƙarfe ba. Abin da na sani, ƙanwata ta zo ta ce mini garinku ya yi magana an shafa Fatiha. A kan wannan maganar na kora shanun innarmu na kai kasuwa da hannuna. Da ta ce mini mijinta ne ya ce, da ban kai ba. In za ku janye maganarku, ba laifi, taku ce. Sai ku dawo mini da shanun. Ba kuɗinsu ba, ba waɗansu ba, su ɗin."

Ya zauna. Wanda ya fara magana Alhaji Mamman ne, ya ce shi ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwa in an sallama kaya ba a shiga cinikin, ya janye. Liman ya ce shi ya ɗaga hannu ranar, bai san yadda ake sauke Fatiha ba. Maigari ya ce magana tana nan yadda take har damina biyar ta cika, sai dai gidajen da ba su da namiji mai noma a ɗauke musu tiyar, shi da masu hali za su cike. Wannan gyaran ya yi mini daɗi, don maganar matar nan ta bakin rijiya ba ta bar ni ba. Da aka watse na fito da sauri in tari Yaya Buba, na tarar har ya kama hanya. Na kira shi, ya ɗaga sanda bai waiwayo ba.

Ba zan ce muku daga nan kowa ya gane gaskiyarmu ba. Injin Alhaji bai lalace ba, ya yi shekaru yana aiki lafiya. Gari ya biya ninkin abin da zai biya a wurinsa har wajen shekara biyu, akwai kuma gidajen da ba su ƙara sayen ƙosaina ba har na daina tuya. Daga baya mai ya hau, rediyo mai kaset ya cika gari, samari suka riƙa zuwa da batura suna cewa za su ba da talatin a cika musu. A nan alkawarin ya juyo ya cije mu. Sau da yawa iska ba ta isa ta cika na kowa ba, babanku ya mayar da masu talatin ya kai wa likita a ashirin, ni ina gani ina haɗiye miyau. Da na yi gunaguni sau ɗaya, sai ya dube ni ya ce ai ni na ce a faɗi kuɗin tun farko. Ban ƙara ba.

A damina biyar ɗin mun mayar da kuɗin shanu, har da ɗan abin da ya hau. Da shi aka yi kwanon ɗakin da aka haifi ƙanananku, da shi babbanku ya zauna lakwal, wato makarantar boko, a Magarya. Ba a sabunta alkawarin ba, ba wanda ya nema, mu ma ba mu nema ba. Fanka ta ci gaba da cika baturan rediyo har ta tsufa. Shanu kuwa ban sake yin su ba. Na iya sayen saniya, amma ba zan iya sayen zuriyar jar saniyar kakata ba, ta ƙare a hannuna, kuma ni ce ban ba ko ɗaya daga cikin ƴaƴana mata saniya ranar aure ba. Wannan shi ne abin da abin ya ci, ba kuma babanku ya ci shi ba.

Bayan kakar shekara ta biyar, wata ranar kasuwa da hantsi, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji sallama a zaure. Kafin in aika a duba, sai ga Yaya Buba ya shigo har ciki, ya jingine sandarsa a jikin rumbu. Na rasa abin da zan yi, na shimfiɗa masa tabarma. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

"An biya har ƙarshe?"

"An biya, Yaya."

"Ba a rage ko dala ba?"

"Ba a rage ba."

Ya gyaɗa kai. Na shiga na dama fura na kawo masa a sabuwar ƙwarya. Ya ɗauki ludayi ya kurɓa, ya ɗan tsaya.

"Nonon saye ne."

"Na saye ne."

Ya shanye ta duka, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in ƙaro.